Yadda ake sauke tsohuwar DC a naɗa sabuwa: daga Windows Server 2012 R2 zuwa 2022

Tun ranar 10 ga Oktoba 2023 Microsoft ta daina fitar da gyaran tsaro na kyauta ga Windows Server 2012 R2, amma har yau in ka leƙa ɗakin saba a ofisoshi da dama ita za ka tarar tana riƙe da Active Directory, wato kundin da ke ɗauke da asusun ma'aikata da kwamfutocin ofis. Ita ke tantance kalmar sirrin kowa da safe, ita ke gaya wa kwamfutoci inda firinta take, kuma ba mai son taɓa ta saboda wanda ya kafa ta ya daɗe da barin aiki. Irin wannan saba mai riƙe da domen, wato rukunin kwamfutoci da asusun da ke ƙarƙashin kundi ɗaya, ita ce masu sana'ar ke kira Domain Controller, a taƙaice DC, kuma haka zan riƙa kiranta.

Hanyar da zan bi da kai ita ce ka gina sabuwar DC a gefe, ka bar su su yi aiki tare, ka miƙa mata muƙamai, sannan ka sauke tsohuwar. Akwai masu zura faifan sabon Windows a cikin tsohuwar su ɗora a kanta. Yana yiwuwa a wasu yanayi, sai dai duk dattin shekara goma zai biyo ka, kuma in abu ya tsaya a tsakiya ba ka da wurin komawa. Girka sabuwar saba aikin awa biyu ne. Abin da ke cin makonni shi ne gano duk wani abu a ofis da ya dogara da tsohuwar ba tare da kowa ya rubuta ba, don haka a can zan fi daɗewa.

A misalan da ke ƙasa sunan domen ɗin ofis.local, tsohuwar saba DC-TSOHO, sabuwar kuma DC-SABO1. Ka musanya da naka.

Wane Windows za ka nufa

Tallafin 2016 zai ƙare ranar 12 ga Janairu 2027, saboda haka ɓata lokaci ne ka koma can. Na 2019 zai kai Janairu 2029, na 2022 kuma Oktoba 2031. Windows Server 2025 ya fito a Nuwamba 2024, amma yana da sharaɗi: ba za ka naɗa DC ta 2025 ba sai matakin aikin domen da na gandun gaba ɗaya, wanda Microsoft ke kira Forest, sun kai 2016. Gandu shi ne tarin domen da ke ƙarƙashin tsari ɗaya, matakin aiki kuma saiti ne da ke ƙayyade mafi tsufan Windows da DC za ta iya ɗauka. Domen da har yanzu ke da DC ta 2012 R2 a ciki ba zai iya hawa wannan matakin ba. Ke nan ko 2025 kake so, dole ka yi zango a 2016 ko 2019 ko 2022 tukuna. Na zaɓi 2022 ne saboda matakin 2008 kawai take nema, kuma ta daɗe a hannun mutane har an san halinta.

Kafin ka ci gaba, ka gaya wa mai sa hannu a kan kuɗi cewa lasisin masu amfani, wato CAL, shi ma sai an sayi na 2022. Na 2012 ba ya rufe sabuwar saba. Gara ya ji yanzu da ya ji ranar da masu binciken lasisi suka zo.

Mataki na 1: duba lafiyar abin da ke hannunka

Sabuwar DC kwafin tsohuwar take ɗauka. In tsohuwar na da ciwo, sabuwar za ta gada. Buɗe layin umarni da ikon shugaba ka fara da waɗannan:

`netdom query fsmo`
`repadmin /replsummary`
`repadmin /showrepl`
`dcdiag /v /c /e /f:C:\dcdiag.txt`

Na farko zai nuna maka wa ke riƙe da muƙamai biyar ɗin da za mu yi maganarsu a gaba. In ka ga sunan wata saba da ta mutu tun shekarun baya, ka tsaya nan, domin sai an ƙwace muƙamin an share gawar daga cikin kundin kafin komai. Na biyu da na uku suna nuna ko DC-DC ɗinka suna musayar bayanai da juna. Abin da kake so ka gani shi ne sifili a layin gazawa. Lambobin kuskure da aka fi cin karo da su kaɗan ne, kuma kowacce na nuna inda za ka duba: 1722 na nufin an kasa isa ga ɗaya sabar, galibi katangar tsaro ce ko sabar a kashe take; 8524 matsalar DNS ce, wato hidimar da ke juya suna zuwa adireshi; 8453 an hana izini; 8614 kuma ita ce mai zafi, tana nufin wata DC ta daɗe ba ta gana da 'yan uwanta ba har ta wuce wa'adin da Active Directory ke ajiye alamar abin da aka goge.

Wannan wa'adi kwana 180 ne a yawancin gandaye, amma wanda aka kafa tun zamanin Windows 2000 ko farkon 2003 yana iya kasancewa a kan kwana 60 har yau. Ofishin da ke da reshe a garin da wuta da layin sadarwa ba su da tabbas ya fi kowa faɗawa wannan rami. DC ɗin reshe ta yi wata bakwai a kashe saboda inbata ta lalace, wani ya zo ya kunna ta da kyakkyawar niyya, sai ga asusun mutanen da aka sallama tun bara suna neman dawowa. Irin wannan DC ba a lallashinta. Sauke ta ake yi da ƙarfi, a share bayananta, a sake gina ta.

Duba matakin aiki da lambar sikima ma, wato tsarin da ke fayyace irin bayanan da kundin ke ɗauka:

`Get-ADForest | fl ForestMode`
`Get-ADDomain | fl DomainMode`
`dsquery * "cn=schema,cn=configuration,dc=ofis,dc=local" -scope base -attr objectVersion`

Lambar 69 ita ce ta 2012 R2. Bayan aikinmu za ta koma 88, wadda 2019 da 2022 suke tarayya a kanta. In matakin aikin ya nuna 2003, ɗaga shi zuwa aƙalla 2008 yanzu, in dai ba sauran DC ta 2003 a raye.

Mataki na 2: SYSVOL, inda mutane da yawa ke cin tuntuɓe

SYSVOL shi ne jakar da ke ɗauke da dokokin Group Policy, wato saitin da ake tura wa kwamfutocin domen, da rubutun da ke gudana lokacin shiga kwamfuta. A da wata hidima mai suna FRS ke kwafe ta tsakanin DC-DC, daga baya aka kawo DFSR. Windows Server 2019 da 2022 ba su san FRS ba sam, kuma za su ƙi naɗuwa a domen da ke amfani da ita. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, ko da duk sabobinka 2012 R2 ne, in asalin domen ɗin daga 2003 ya taso kuma ba wanda ya yi ƙaurar, to FRS ce ke aiki a ƙarƙashi.

`dfsrmig /getglobalstate`

In amsar ta ce Eliminated, ka huta, wuce gaba. In ta ce ba a fara ƙaura ba, to a kan DC mai riƙe da muƙamin PDC, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, za ka bi matakai uku ɗaya bayan ɗaya: `dfsrmig /setglobalstate 1`, sannan 2, sannan 3. Bayan kowanne ka riƙa buga `dfsrmig /getmigrationstate` har sai ya tabbatar duk DC-DC sun iso matakin. A na 1 ana yin kwafin jakar zuwa wata sabuwa mai suna SYSVOL_DFSR. A na 2 ana karkata jama'a zuwa sabuwar. Har nan kana iya komawa baya. Na 3 shi ne ke kashe FRS kwata-kwata, kuma ba ya da ribas. Ni nakan bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin na 2 da na 3, in ga dokoki na sauka a kan kwamfutoci lafiya.

Mataki na 3: kwafin ajiya da ka tabbata yana tashi

`wbadmin start systemstatebackup -backupTarget:E:`

Ɗauki wannan daga DC mai riƙe da muƙamai, ka kwafe shi zuwa faifan da za ka zare ka sa a durowa. Dalilin zarewar ba tsoro ne na banza ba. A ƙarshen Yunin 2017 cutar kwamfuta ta NotPetya ta shafe DC-DC na kamfanin jiragen ruwa na Maersk kusan a lokaci guda, domin duk a haɗe suke suna kwafar juna. Wadda ta tsira tana wani ofishinsu ne a Afirka ta Yamma, inda ɗaukewar wuta ta raba ta da sauran a daidai lokacin. Da ita aka sake gina kundin kamfanin. Wato ranar nan rashin wuta ya yi rana, amma ba tsari ba ne da za ka dogara da shi.

Abu biyu ke tafiya da wannan kwafi. Na ɗaya kalmar sirrin DSRM, wadda ake shiga DC da ita in za a dawo da kundin. An sa ta ne ranar da aka naɗa sabar, kuma da wuya a samu mai tuna ta. Sake ta yanzu ta `ntdsutil`, ka shiga `set dsrm password`, sannan `reset password on server null`. Na biyu, kwafin da ya girmi wa'adin nan na kwana 180 ko 60 ba ya da amfani, Windows ba zai yarda ya dawo da shi ba.

Hoton saba na Hyper-V ko VMware, manhajojin da ke ɗaukar sabobi da yawa a cikin inji ɗaya, kuma ba ya maye gurbin wannan. Daga 2012 an ƙara kariya ga DC da aka mayar baya ta hoto, amma sai manhajar da ke ɗauke da ita ta goyi bayan hakan. In ba haka ba DC za ta sake amfani da lambobin canji da ta riga ta raba, 'yan uwanta su ɗauka sun riga sun ji labarin, musaya ta tsaya shiru. Alamarsa ita ce lamba 2095 a kundin abubuwan da suka faru.

In kwandon shara na Active Directory ba a kunne yake ba, kunna shi tun yanzu. Matakin gandu na 2008 R2 kawai yake buƙata, kuma shi ne bambanci tsakanin dawo da asusun da aka goge cikin minti ɗaya da kwana a ofis.

Mataki na 4: farautar masu dogaro da tsohuwar

Kwamfutocin Windows da ke cikin domen ba su da matsala. Suna tambayar DNS wace DC ce ke kusa, su je wurinta. Matsalar tana wurin duk abin da wani ya buga masa adireshin IP ko sunan DC-TSOHO da hannu.

Na taɓa sauke wata DC a wani ofis da yammacin Juma'a, na gwada komai, na tafi gida da kwanciyar hankali. Litinin da safe sai ga layi a bakin ƙofa. Na'urar danna yatsa ta shiga aiki tana neman sunayen ma'aikata ne kai tsaye daga adireshin tsohuwar, kuma kamfanin da ya kafa ta ya riga ya rufe. Kafin azahar na gano injin fotokwafi ma ya daina tura takardu zuwa imel saboda dalili ɗaya. Tun daga ranar ban ƙara sauke DC ba sai na sa ta ta faɗa mini da bakinta su wa ke zuwa wurinta.

Hanyar sa ta magana uku ce. Kunna rubuta tambayoyin DNS a cikin kaddarorin sabar DNS, ka bar shi mako guda, ka tace adireshin masu tambaya. Duk wanda ya bayyana kuma ba daga DHCP, hidimar da ke raba adireshi kai tsaye, ya samu nasa ba, da hannu aka sa masa. Sannan a rajista, ƙarƙashin `NTDS\Diagnostics`, ɗaga `16 LDAP Interface Events` zuwa 2. Daga nan kundin Directory Service zai riƙa rubuta lamba 2889 duk lokacin da wata na'ura ta haɗu da LDAP, hanyar da na'urori ke tambayar kundin, ba tare da sa hannu ba ko ta aiko kalmar sirri a fili, tare da adireshinta da asusun da ta yi amfani da shi. Wannan jeri zinariya ne, domin waɗannan na'urorin su ne dai za su fara kuka ranar da ka tsaurara tsaro. Ta uku ita ce zagaye da ƙafa: katangar tsaro da VPN, na'urorin Wi-Fi masu tantance mutum ta RADIUS, akwatin ajiya na NAS, sabobin Linux, manhajar albashi, kyamarori masu karɓar lokaci daga DC.

Duba kuma abin da ita kanta tsohuwar ke ɗauke da shi ban da aikin DC, da `Get-WindowsFeature | where Installed`. A ƙananan ofisoshi akan tarar an loda mata DHCP da firintoci da jakunkunan ma'aikata da KMS da Entra Connect, wanda a da ake kira Azure AD Connect. Kowanne sai an nema masa sabon gida. Wanda ya fi wuya shi ne hidimar bayar da takardun shaida, AD CS. Muddin tana kan sabar, Windows ba zai bari ka sauke DC ɗin ba. Sai ka yi kwafin rumbunta da mabuɗinta, ka cire ta, ka dasa a wata saba. Ka ba wannan ranarsa daban, kada ka haɗa shi da ranar sauke DC.

Abu biyu na tsufa su ma ka neme su. Windows Server 2022 ba ya zuwa da SMB1, tsohuwar hanyar raba jaka, a kunne, don haka tsohuwar na'urar da shi kaɗai ta iya, irin su Windows XP da wasu injinan sikana, ba za ta iya karanta jaka a kan sabuwar DC ba. Kada ka kunna SMB1 a kan DC don ka faranta wa injin fotokwafi. Sannan asusun hidima da ba a sauya wa kalmar sirri ba tun kafin domen ya hau matakin 2008 ba su da mabuɗin AES, sabon salon ɓoye bayani, tsohon salon RC4 kaɗai suke da shi. Sauya musu kalmar sirri shi ke haifar da sabon mabuɗin. In kana da Exchange, sabar imel ta Microsoft, a cikin gida, tabbatar sigar da kake da ita ta yarda da DC ta 2022 kafin ka taɓa sikima.

Mataki na 5: gina sabuwar ka naɗa ta

Girka Windows Server 2022, ka sauke duk gyare-gyaren tsaro, ka ba ta sunanta na dindindin da adireshin IP tsayayye. A wurin DNS na katin sadarwa, sa adireshin DC-TSOHO kawai. Kada 8.8.8.8 ko adireshin mai ba ku intanet ya shiga nan, domin su ba su san ofis.local ba. Shigar da ita domen kamar kowace saba. In a wani reshe za ta zauna, tabbatar an rubuta zangon adireshin reshen a Sites and Services, kuma katangar tsaro ta buɗe ƙofofin 53, 88, 135, 389, 445, 464, 636, 3268 da 3269, da zangon 49152 zuwa 65535.

Asusun da za ka yi aikin da shi ya kasance cikin Schema Admins da Enterprise Admins da Domain Admins. Tun daga 2012 ba sai ka gudanar da adprep, umarnin shirya sikima, da hannu ba, naɗin DC ta farko zai faɗaɗa sikima da kansa. Ka sani dai faɗaɗa sikima ba ya warwaruwa, shi ya sa kwafin ajiya ya riga shi.

`Install-WindowsFeature AD-Domain-Services -IncludeManagementTools`
`Install-ADDSDomainController -DomainName ofis.local -InstallDns -SiteName "Hedikwata"`

Zai nemi kalmar sirrin DSRM, ya yi aikinsa, ya sake kunna sabar. Ga reshen da layinsa ke rarrafe, kana iya ɗaukar kundin a faifai ta `ntdsutil` da umarnin `ifm`, ka kai can, ka nuna wa naɗin inda yake, sai bambancin kwanakin kawai ya bi ta waya.

Da ta tashi kada ka yi saurin murna. Buga `net share` ka ga SYSVOL da NETLOGON sun bayyana. In babu su, sabar ba ta fara aikin DC ba tukuna komai kyawun abin da allo ya nuna. A kundin DFS Replication, lamba 4614 na nufin tana jiran kwafin farko, 4604 kuma ya kammala. Maimaita `repadmin /replsummary` da `dcdiag`. A cikin wuri ɗaya canji na isa cikin daƙiƙoƙi, amma tsakanin rassa tazarar asali minti 180 ce, mafi ƙanƙanta da za ka iya saitawa kuma 15, saboda haka shirun reshe na awa ɗaya ba ciwo ba ne.

Leƙa masu tura tambaya na DNS a kan sabuwar, wato Forwarders, inda take miƙa sunayen da ba ta sani ba. Sau da yawa za ka tarar adireshin DC-TSOHO ne a wurin. In ka bar shi, ranar da ka kashe tsohuwar buɗe shafukan intanet zai koma jan ƙafa, kowa ya ɗora laifin a kan kamfanin sadarwa.

Gina ta biyu, DC-SABO2, a kan wani ƙarfen daban. DC biyu a cikin inji ɗaya, a kan UPS ɗaya, DC ɗaya ce a ranar da janareto ya ƙi tashi. Kowacce ta sa 'yar uwarta a DNS na farko, 127.0.0.1 a na biyu.

Mataki na 6: miƙa muƙamai da agogo

Duk DC-DC daidai suke wajen karɓar canji, ban da ayyuka biyar da ba a yarda biyu su riƙe ba. Biyu na gandu ne gaba ɗaya: Schema Master da Domain Naming Master. Uku na kowane domen: RID Master mai raba lambobin shaida ɗari biyar-biyar, Infrastructure Master, da PDC Emulator, wanda ya fi su yawan aiki, domin shi ake fara sanar wa in an sauya kalmar sirri, shi ke kula da kulle asusu, kuma agogonsa kowa ke bi.

`Move-ADDirectoryServerOperationMasterRole -Identity DC-SABO1 -OperationMasterRole 0,1,2,3,4`

Wannan miƙawa ce cikin lumana, tsohuwar na raye ta sallama. In ka ƙara `-Force` ya zama ƙwace, kuma ana yin sa ne kawai in mai riƙe da muƙamin ya mutu ba zai dawo ba. Sabar da aka ƙwace wa RID ko Schema ko Domain Naming ba a sake jona ta da waya, sai dai a goge ta.

Agogo ba ya bin muƙamin da kansa, kuma nan ne ake mantuwa. Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga domen ya ba su tikiti, ba ya lamuntar bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da DC. A kan sabuwar PDC:

`w32tm /config /manualpeerlist:"0.pool.ntp.org,0x8 1.pool.ntp.org,0x8" /syncfromflags:manual /reliable:yes /update`

A kan tsohuwar kuma `w32tm /config /syncfromflags:domhier /reliable:no /update`. Buɗe UDP 123 zuwa waje ga PDC, ka duba da `w32tm /query /source`. In amsar ta nuna agogon Hyper-V ne ko na cikin injin, gyara bai kama ba. DC da ke karɓar lokaci daga injin da ke ɗauke da ita, shi kuma injin yana karɓa daga DC, za su yi ta jan juna har agogon ofis ya kauce.

Yanzu gyara zaɓi na 006 a DHCP, wanda ke gaya wa kwamfutoci sabar DNS ɗinsu, ya nuna sabbin DC biyu. Kwana biyu kafin haka rage wa'adin hayar adireshi zuwa awa takwas, don canjin ya zagaya da wuri. Sannan ka bi jerin nan na mataki na 4 ɗaya bayan ɗaya. Inda na'ura ta yarda da suna, sa mata ofis.local maimakon sunan wata DC, don wanda zai gaje ka kada ya sha irin wahalarka.

Mataki na 7: kashe ta ka saurara

Kafin ka sauke DC-TSOHO, zare mata waya ranar Talata da safe, lokacin da kowa na ofis kuma kai ma kana nan. Bar ta haka kwana biyar zuwa mako guda. Duk abin da ka manta zai yi ƙara, kuma maganinsa mayar da waya ne kawai. In za ka iya, sa wannan mako ya haɗa da ranar da ake haɗa albashi, domin akwai manhajojin da sau ɗaya a wata suke farkawa. Mako guda bai kusa wa'adin kwana 60 ba, don haka ba abin da zai lalace.

Da shiru ya tabbata, mayar da wayar, bar ta ta gana da 'yan uwanta, sannan:

`Uninstall-ADDSDomainController`

In ta allon zane ka bi, akwai akwatuna biyu da ba za ka taɓa ba: mai cewa wannan ce DC ta ƙarshe a domen, da mai tilasta saukewa. Tilastawa na barin sunanta da bayananta a cikin kundin, sai ka bi ka share da hannu.

Ko saukewar ta tafi lafiya, akwai shara. Sunan sabar na zama a Sites and Services sai ka goge. A DNS bi kowane yanki, har da `_msdcs` da yankunan juya adireshi, ka cire ta daga jerin sabobin suna. Gwada da `nslookup -type=SRV _ldap._tcp.dc._msdcs.ofis.local`, sabbin biyu kaɗai ya kamata su fito. In na'urorin da aka buga wa tsohon adireshi sun yi yawa har ba za ka iya binsu duka ba, kashe tsohuwar gaba ɗaya ka ba DC-SABO2 adireshinta, sannan ka buga `ipconfig /registerdns` ka sake kunna hidimar Netlogon. Adireshi kawai za ka gada, ban da suna.

Mataki na 8: ɗaga matakin aiki

Ba matakin 2019 ko 2022. Daga 2016 sai 2025. Bayan mako ɗaya ko biyu ba tare da DC ta 2012 R2 ba:

`Set-ADDomainMode -Identity ofis.local -DomainMode Windows2016Domain`
`Set-ADForestMode -Identity ofis.local -ForestMode Windows2016Forest`

Wannan bai shafi kwamfutocin ma'aikata ko sauran sabobi ba, DC-DC kaɗai yake iyakancewa: daga yau ba za a ƙara naɗa wadda ta gaza 2016 ba. Shi ne kuma ƙofar 2025 in lokacinta ya yi.

Cire asusunka daga Schema Admins da Enterprise Admins, rukunan nan biyu a wofi ya kamata su zauna. Mayar da matakin rubutun LDAP zuwa 0 ka kashe na DNS kafin su cika faifai. Duba ranar da aka sauya kalmar sirrin asusun krbtgt, wanda ake sa hannu a tikitin Kerberos da mabuɗinsa, da `Get-ADUser krbtgt -Properties PasswordLastSet`. In shekarun sun yi nisa, sauya ta sau biyu, amma ka bar aƙalla awa 10 tsakani, tsawon rayuwar tikitin Kerberos ke nan, ka kuma tabbatar ta farkon ta isa kowace DC kafin ta biyu. In ka yi su a jere, duk tikitin da ke hannun mutane zai mutu nan take.

Daga nan ɗauki sabon kwafin ajiya daga DC-SABO1, domin na mataki na 3 hoton gidan da aka riga aka rushe ne. Dawo da shi a kan wata saba ta gwaji da ba ta jone da komai, ka shiga da kalmar DSRM ɗin da ka sa, ka ga kundin ya buɗe. Rubuta sunayen DC biyun da adireshinsu da masu riƙe da muƙamai da inda faifan yake a takarda guda, kalmar DSRM kuma a ambulan da aka manne, a sa a sef ɗin ofis.